BABI NA UKU: NAGARTA A AIKACE, 'YAN MISHAN DA JINYAR KUTARE A AREWACIN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a duba yadda ɗabi'ar nagarta, wadda addinin Kirista ya ba wa muhimmanci, ta fito fili a tarihin Arewacin Nijeriya ta hanyar jinyar masu cutar kuturta. Za a fara da matsayin nagarta a koyarwar Kirista, sannan a bi diddigin yadda aka buɗe asibitocin kutare, da irin hidimar da aka yi a cikinsu, da kuma ƙorafin da ya biyo baya.

3.1 Matsayin Nagarta a Koyarwar Kirista

A wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, an lissafa halaye tara waɗanda ake sa ran gani ga mai bi na gaskiya, kuma nagarta na cikinsu. Malaman Kirista suna fassara ta da cewa kyawun zuciya ne wanda ba ya tsayawa a zuci, sai ya kai ga amfanar wani. Misalin Basamariyen nan da ke cikin Luka sura ta 10 yana ƙarfafa wannan, domin shi ne ya tsaya ya ɗauki wanda 'yan fashi suka raunata, alhali ba danginsa ba ne. Har ila yau, a Markus sura ta 1 an nuna Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, a zamanin da ake ƙyamar ko kusantarsa. Wannan ya sa jinyar kuturta ta sami wani matsayi na musamman a wajen 'yan mishan.

3.2 Yadda Ƙofa ta Buɗe

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a shiga harkar addininsu ba. Saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, in ban da 'yan wurare irin su Zariya, inda Dokta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna tun 1905. Sauran ƙungiyoyi, irin su SIM wadda aka kafa a 1893 da SUM wadda aka kafa a 1904, sai suka fi mai da hankali ga yankunan da ba na Musulmi ba.

A ɗaya ɓangaren kuma kuturta ta yi yawa a ƙasar, ga ƙarancin likitocin gwamnati. Ya kamata a lura cewa Bahaushe bai kori kuturu daga gari ba. Yana aure, yana samun sadaka da zakka, har ma akwai Sarkin Kutare a manyan birane. Abin da ya rasa shi ne magani. A 1929 'yan mishan na Ekklesiyar 'Yan'uwa suka buɗe mazaunin kutare a Garkiɗa. A 1936 kuma Dokta Ernest Muir na ƙungiyar yaƙi da kuturta ta Birtaniya ya zagaya Nijeriya, ya ba da shawarar a haɗa hannu da 'yan mishan. Daga nan ne aka shirya cewa En'e za ta ba da fili da tallafin kuɗi, su kuma su kawo ma'aikata, bisa sharaɗin ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba. A kan wannan tsari SIM ta riƙe Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da Bayara a Bauchi, SUM kuma ta riƙe Molai kusa da Maiduguri. Ke nan ƙofar da wa'azi ya kasa buɗewa cikin shekara talatin, hidima ce ta buɗe ta.

3.3 Irin Hidimar da Aka Yi

Tun 1873 likitan nan ɗan ƙasar Norway, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar, amma ba a sami sahihin magani ba sai bayan shekaru da dama. Cutar tana lalata jijiyoyi, sai hannu da ƙafa su daina jin zafi. Mutum zai ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, mikin ya zama gyambo, daga bisani yatsu su lalace. A shekarun 1930 abin da ake da shi kawai shi ne allurar man wani itace na ƙasar Indiya, wadda ke da zafi ƙwarai, kuma amfaninta kaɗan ne. Don haka yawancin aikin na wanke gyambo ne da ɗaure shi kullum safiya, shekara da shekaru, ba tare da tabbacin warkewa ba. A nan ne ake gane nagarta, domin aiki ne wanda ba riba, ba suna, ga wari, ga tsoron kamuwa.

Bugu da ƙari, an mayar da waɗannan wurare tamkar ƙauyuka. Masu ƙarfi suna noma, wasu suna koyon saƙa da ɗinki, yara kuma suna karatun boko. Turawan da ke kowane wuri 'yan kaɗan ne, saboda haka 'yan ƙasa ne suka ɗauki mafi nauyin aikin, kuma da yawansu majinyata ne da aka koya wa yin allura da ɗaurin miki. Wanda jiya aka wanke wa ƙafa, yau shi ke wanke ta wani.

Al'amura sun canza a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a Gabashin Nijeriya, cewa ƙwayar dapsone mai araha tana kashe cutar. A shekarun 1950 aka bazu da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyukan Arewa, majinyaci ya riƙa karɓar ƙwaya yana komawa gidansa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, wanda ya rage tsawon jinya ainun.

3.4 Ƙorafe-ƙorafe

Duk da haka, aikin bai tsira daga suka ba. Su kansu 'yan mishan ba su ɓoye cewa suna fatan jinya ta zama hanyar yaɗa bishara ba, wannan kuwa ya sa sarakuna da malamai suka riƙa sa ido, musamman a kan yara. Haka kuma al'adar raba jarirai da iyayensu mata don gudun kamuwa ta jawo baƙin ciki mai yawa, tun da daga baya an tabbatar cewa yawancin mutane ba sa ɗaukar cutar. Tambayar da ke nan ita ce: shin alherin da ke da wata manufa a bayansa nagarta ne? Tarihi ya ba da ɗan haske. Mafi yawan majinyata a masarautun nan sun zo suna Musulmi, sun koma suna Musulmi, amma ba a daina yi musu jinya ba, har zuwa shekarun 1970 da gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa nagarta a ma'anar Kirista aiki ce, ba furuci ba. An kuma ga cewa hidimar ta gauraya da buri da kurakurai irin na ɗan Adam. To amma Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ma'aunin da ya dace a auna waɗannan ma'aikata da shi, Turawa da 'yan ƙasa, shi ne ɗorewarsu a kan gyambon wanda suka san ba zai bi addininsu ba. A babi na gaba za a duba wannan ɗabi'a a fannin makarantu.