Kyamarorin Danja na Shikago

Kyamarorin danja na'urori ne da ake kafawa a mahaɗar hanyoyi, su ɗauki hoton lambar duk motar da ta ƙetare layi bayan jar wuta ta kama. A birnin Shikago na Amurka an soma amfani da su a 2003, zamanin magajin gari Richard M. Daley. Takardar tarar dala 100 kan iske mai motar har gida, ko da ba shi ke tuƙi ba.

Hukuma ta ce manufarta rage haɗari, amma jama'a da dama na ganin neman kuɗin shiga ne. Wani bincike da jaridar Chicago Tribune ta ɗauki nauyinsa a 2014 ya nuna bugun gefe mai jawo rauni ya ragu da kashi 15 cikin ɗari, bugun baya mai jawo rauni kuwa ya ƙaru da kashi 22, don direbobi kan taka birki farat ɗaya.

Abin da ya ƙara ɓata wa shirin suna shi ne cin hanci. A 2016 kotu ta ɗaure wani jami'in birnin, John Bills, shekara 10 saboda karɓar na goro daga kamfanin Redflex, wanda a da yake riƙe da kwangilar kyamarorin.