Yadda Alƙalin Wasa Ya Sami Garkuwar Doka

An daɗe ana ɗaukar dukan alƙalin wasa tamkar rikicin cikin gida. Hukumar ƙwallo ta zauna, ta dakatar da mai laifi, ta ci ƙungiyarsa tara, shi ke nan. Dokar cin zarafi tana nan a rubuce, amma ba kasafai ake kai maganar gaban kotu ba.

A Faransa, abin ya sauya ranar 23 ga Oktoba 2006. Alƙalai suna ta ajiye usur, musamman a ƙananan gasanni na unguwa da ƙauye, inda babu ɗan sanda ko ɗaya a bakin fili. Sai majalisa ta zartar da dokar da ake kira da sunan ministan wasanni na lokacin, Jean-François Lamour, tsohon zakaran wasan takobi. Hikimar dokar a wuri guda take: ta ɗauki alƙalin wasa a matsayin mai yi wa jama'a aikin hukuma. Da wannan matsayi, raunin da ya hana shi aiki fiye da kwana 8 yana iya jawo ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 75,000, maimakon shekara 3 da Yuro 45,000. A ganina wannan daidai ne, domin mutumin da aka ɗora wa yanke hukunci tsakanin 'yan wasa 22 masu zafin rai, shi kaɗai ne a filin ba shi da magoya baya.

Wasu wurare sai da aka yi rashi kafin hankali ya dawo kan batun. A Disambar 2012, matasan 'yan wasa suka yi wa Richard Nieuwenhuizen, mataimakin alƙali ɗan sa-kai, dukan kawo wuƙa a garin Almere na Holan; washegari ya cika. A 2014, naushi ɗaya ya yi ajalin alƙali John Bieniewicz a jihar Michigan ta Amurka yana shirin ɗaga jan kati. Jihohi da dama a Amurka suna da nasu dokokin, wasu har da masu horarwa a ciki.

Turkiyya ma ta ba alƙalai matsayin jami'an gwamnati a dokar 2011. Da shugaban ƙungiyar Ankaragücü, Faruk Koca, ya naushi alƙali Halil Umut Meler a Disambar 2023, an dakatar da gasar ƙasar baki ɗaya, kuma a Nuwambar 2024 kotu ta yanke masa ɗaurin fiye da shekara 3.