Daga Hannun Masu Jini Zuwa Alƙalamin Gwamna

A cikin sarautun ƙasar Hausa na dā akwai wadda ba a son yawan ambatonta, wato Hauni, mai sare wanda shari'a ta yanke wa hukuncin kisa. A bainar jama'a yake aikinsa, galibi a kasuwa. Baturen nan Clapperton, wanda ya sauka Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ba da labarin haɗuwarsa da mai wannan aiki a birnin. Wanda ya tsaya ga takobin kaɗai zai ɗauka cewa ran mai laifi a tafin hannun sarki yake. Amma a shari'ar kisan kai ta yau da kullum, Hauni shi ne na ƙarshe a dogon layi, kuma mafi ƙarfin magana a layin nan su ne masu jini, magadan wanda aka kashe. Tarihin hukuncin kisa a Arewa, a ganina, tarihi ne na yadda aka zare wannan magana daga bakinsu aka miƙa wa hukuma, kuma ban gamsu cewa adalci ya ƙaru da wannan sauyi ba.

Alƙalan daular Usmaniyya da littattafan Malikiyya suke hukunci, irin su Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa. Idan kisa na ganganci ya tabbata, alƙali ba ya wuce gona da iri ya ce a kashe. Sai an kira masu jini an tambaye su, domin ƙisasi haƙƙinsu ne, kamar yadda aya ta 178 a Suratul Baƙara ta buɗe ƙofar rangwame. Suna iya neman rai a bakin rai, suna iya sulhu a kan diyya, suna iya yafewa don Allah. Idan ɗaya daga cikin waɗanda suke daidai a matsayin gado ya yafe, kisa ya faɗi, ko da sauran sun ƙi. Diyya kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Wanda aka yafe wa ma ba ya kaɗe riga ya tafi gida, don Malikiyya sun ɗora masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, wanda shi ne rabon al'umma a cikin laifin. Abin lura a nan shi ne tsarin ya karkata ne zuwa ga barin rai. Kisa yana buƙatar bakin magada ya zo ɗaya, rayuwa kuwa mutum guda ya isa ya cece ta. Kuma matar da aka mayar bazawara da marayun da aka bari suna iya fita daga zauren alƙali da abin da za su riƙe kansu.

Ba zai yiwu a yi wa wancan zamani ado da abin da ba shi da shi ba. Akwai rantsuwa hamsin, wadda ake ba magada idan hujja ba ta cika ba amma akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida guda adali ko furucin mamaci kafin ya cika. Da wannan rantsuwa ana iya kashe mutum, alhali masu rantsuwar ba lalle sun ga abin da ya faru da idonsu ba. Akwai kuma bambancin da fiƙihun ya yi tsakanin ɗa da bawa, da tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, a wajen ƙisasi. Sarakuna kuma suna da ikon siyasa, wanda da shi ake kashe ɗan fashi da ɗan tawaye ba tare da an tambayi kowa ba, kuma ba kowane sarki ne ya tsare amanar wannan iko ba. Waɗannan raunuka na gaske ne, kuma su ne suka ba masu sauya tsarin hujja.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sun bar kotunan manyan sarakuna da ikon yanke hukuncin kisa, da sharaɗin sai Razdan ya duba takardu kuma Gwamna ya amince. Sun hana yanke hannu da jefewa, daga baya rataya ta maye gurbin takobi. Sai dai sun shigo da tasu dokar laifuffuka, wadda ke kallon kisa a matsayin laifi ga Sarauniya ko Sarkin Ingila, ba ga dangin mamaci ba. Dokokin biyu suka yi ta karo ta fuska biyu. Inda magada suka yafe, jami'an mulkin mallaka na ganin bulala da shekara guda sun yi kaɗan. Inda kuma aka harzuƙa mutum ya yi kisa cikin fushi, dokar Turawa na sassauta masa, Malikiyya kuwa tana duban ganganci ne kawai. Wannan ne ya fashe a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa kisa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin saboda a dokar Turawa laifin bai kai na rataya ba. Sarakuna da alƙalai suka ga an taka shari'a, aka yi ta gyaran doka ana sake gyarawa har kusan shekara goma. A tsawon wannan lokaci, rayuwar wanda ake tuhuma ta rataya ne a kan wace kotu ɗan doka ya kai shi. Ko mai goyon bayan hukuncin kisa ba zai kira wannan adalci ba.

Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. An sami riba babba: doka ɗaya ga kowa, Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, an kuma karɓi uzurin harzuƙa. Amma sashe na 221 ya mayar da kisa wajibi ga wanda laifinsa ya tabbata, alƙali ba shi da zaɓi. Abin da ya rage wa masu jini shi ne a tambaye su ra'ayinsu a rubuta, a aika wa masu ba da shawara kan afuwa. Haƙƙi ya koma shawara. Afuwar da a dā take hannun ɗan mamaci ko ɗan'uwansa ta koma ofishin gwamna, inda har yau sashe na 212 na Tsarin Mulkin 1999 ya ajiye ta.

Masu kare wannan sauyi suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko, diyya hanyar tsira ce ga mai kuɗi, talaka kuwa sai igiya. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma a duba su wane ne ke cikin kurkuku suna jiran rataya a yau. Kwamitin da gwamnatin Obasanjo ta kafa don nazarin hukuncin kisa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartarwa, domin ya ga mafi yawansu matalauta ne da ba su sami lauyan kirki ba. Kuɗi bai fita daga shari'ar ba, wurin zuba shi ne ya sauya. A dā yana shiga gidan marayu, yanzu yana tafiya ga lauyoyi da ɗaukaka ƙara. Hujja ta biyu ita ce kisa ya shafi zaman lafiyar gari duka, bai kamata a bar shi ga dangi ba, waɗanda ana iya tsorata su ko a matsa musu. Malaman Malikiyya sun riga sun hango wannan, shi ya sa suka cire kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, daga abin da magada ke iya yafewa. Sun raba abin da yake na dangi da abin da yake na jama'a. Final Kod ya haɗe su ya ba hukuma duka.

Komawa ga tsohon suna kaɗai ma ba ya maganin matsalar. Bayan jihohin Arewa 12 sun dawo da dokokin laifuffuka na shari'a daga shekarar 2000, wata kotu a Katsina ta yanke wa Sani Yakubu Rodi hukuncin kisa a Nuwamban 2001 bisa kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Dangi sun zaɓi ƙisasi, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002. Laifin da aka tuhume shi da shi abin tashin hankali ne, amma an yi shari'ar ba lauya a gefensa, ba a kuma ɗaukaka ƙara ba, daga yanke hukunci zuwa rataya wata biyu ne kacal. Hukuncin da ba ya gyaruwa idan an yi kuskure ya fi kowane buƙatar a bi shi a hankali, kuma malamanmu da kansu sun karantar cewa kuskure wajen yafewa ya fi sauƙi a kan kuskure wajen hukuntawa.

A ɗaya gefen kuma, kotuna na ci gaba da yanke kisa saboda doka ta tilasta musu, gwamnoni kuwa suna gudun sa hannu. Sanannun zartarwa na baya-bayan nan a Jihar Edo aka yi su, mutum huɗu a 2013 da uku a 2016. Fiye da mutum 3,000 ne ke zaune a ɗakunan jiran mutuwa a faɗin Nijeriya, wasu sun haura shekara ashirin, ba su san ranar da za a kira sunansu ba. Dangin waɗanda aka kashe ba su ga ƙisasi ba, ba su karɓi diyya ba, ba a kuma ba su damar yin afuwar da za su nemi lada da ita ba. Majalisun jihohi suna da ikon gyara wannan, tunda dokar kisan kai tasu ce: su cire wajabcin da ke sashe na 221, su hana yanke kisa ga wanda ba shi da lauya, su kuma ba yafewar magada da diyya ƙarfin doka ga kowane ɗan jiha, ko wane addini yake bi.