Kishin Ƙasa a Bakin Iyaka: NEPU da Ƙasar Gumel

Sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kalmar "ƙasa" ba ta da ma'ana guda a bakin mutanen Arewa. In talaka ya ce ƙasarsu, galibi ƙasar Sarkinsa ya ke nufi. Jam'iyyar NPC ta so ta faɗaɗa ma'anar ta zama Jihar Arewa duka, NEPU kuwa ta ja ta har ta kai Nijeriya. Ba inda wannan gardama ta fi wuyar warwarewa kamar ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Dalili na farko tarihi ne. Sarautar Gumel ta Mangawa ce, Barno ta ke bi, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Jam'iyyun nan biyu kuwa kowace da gadon jihadi ta ke kafa hujja. NPC na cewa sarakuna su ne magadan Shehu Usmanu, Malam Aminu Kano na cewa sarakunan sun bar tafarkin da Shehu da ƙanensa Abdullahi suka shimfiɗa. A Gumel wannan muhawara ta zama kamar rigimar gādon gidan maƙwabci. Abin da ya shafi manomin Gagarawa shi ne sauran zancen: haraji, da jangali, da aikin tilas, da kotun alkali wadda ke hannun En'e.

Na biyu shi ne iyaka, kuma shi ya fi nauyi. Tumbi, tsohon mazaunin sarakunan Gumel, yau a cikin Nijar ya ke. Sarki Ahmadu ya bi Turawan Ingila a 1903, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 aka auna iyaka da Faransa, aka bar dangi rabi nan rabi can. To, mutumin Maigatari da ke cin kasuwa da mutanen Damagaram kowace Alhamis, yaya za a gaya masa ɗan Inugu ya fi su kusa da shi? Amma abin da ƙawancen NEPU da NCNC na 1954 ya ƙunsa ke nan, abokan hamayya kuwa ba su yi sanya ba wajen kiransa sayar da Arewa ga Kudu.

Amsar NEPU tana cikin Sanarwar Sawaba, inda aka raba jama'a gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa. Bisa wannan ra'ayi, kishin ƙasa shi ne kishin talakawanta, mai zaluntarsu kuwa ba ya zama ɗan kishi don an haife shi a Arewa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta tsaya inda Turawa suka kafa alamun iyaka ba. A Nijar jam'iyyar Jibo Bakari ita ma Sawaba ake kiranta. Ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar 1958, aka haramta ta a 1959, waɗansu 'ya'yanta suka sami mafaka wurin 'yan NEPU a Kano. Ashe jam'iyyar da aka zarga da bin Kudu tana da 'yan'uwa a arewa da Maigatari.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Magajiyarta PRP ce ta ci Jihar Kano a 1979, lokacin Gumel na cikinta, gama ba a yanke Jigawa ba sai 1991. A wannan shekara ta 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.