Mangano: daga fagen yaƙi zuwa ɗakin guga

A manyan wuraren wanki na otal-otal da asibitocin Italiya akwai wani inji mai doguwar gangar ƙarfe da ake zafafawa. Ma'aikata su miƙa masa zanen gado da danshinsa ta nan, ya fito ta can a bushe, sumul. Mangano suke ce masa, kuma sunan ya girmi injin da shekaru fiye da 2,000.

Tushensa kalmar Girkanci ce, manganon. Da ita Girkawa ke kiran abin da ake yin siddabaru da shi a ruɗi mutane, da ita kuma suke kiran wani sashe na na'urar jan kaya da igiya. Ba abin mamaki ba ne: wanda ya ga mutum ɗaya ya ɗaga dutsen da ya gagari goma, dole ya zargi tsafi. Latin ta ara ta zama manganum, daga nan ta gangaro Italiyanci.

Amma a yaƙi ta yi suna. Mangano shi ne ƙatuwar majaujawar katako da ake girkewa a gaban ganuwa ana ruwan duwatsu a kan birni. Larabawa ma daga wannan tushe suka samo manjaniƙ, wanda masu karatun Sira suka sani a labarin kewaye Ɗa'ifa.

Da bindigar igwa ta kori majaujawa, sai sunan ya rage a hannun masu sana'ar tufafi. Nasu manganon ƙaton akwati ne maƙare da duwatsu, ana jansa gaba da baya a kan sandunan da aka naɗe yadi a jikinsu, har yadin ya kwanta ya yi sheƙi. Aikin da masu bugu ke yi da taɓarya a Kano ke nan, sai dai su nauyi suka sa ya yi musu. A garin Santarcangelo di Romagna, a shagon Stamperia Marchi, akwai irinsa na shekarar 1633 da har yanzu yake aiki. Mutum ke shiga cikin wata ƙatuwar taya ta katako yana takawa, akwatin na motsi.

Duk da haka kalmar ba ta rabu da duka ba. Daga gare ta aka ciro manganello, wato kulki, makamin da 'yan dabar Mussolini suka riƙa jibgar abokan hamayya da shi kafin ya hau mulki a 1922. Kulkin ɗan sandan Italiya ma sunansa ke nan har yau.