Jarin kasada: Yadda ake zuba kuɗi a sabbin kamfanonin fasaha

Jarin kasada kuɗi ne da masu zuba jari ke bai wa sabon kamfanin da bai fara cin riba ba, su kuma su karɓi wani kaso na mallakarsa. Ba bashi ba ne, don haka babu kuɗin ruwa, babu jingina. Idan kamfanin ya durƙushe, kuɗin sun tafi ke nan. Idan ya bunƙasa, sai su ci riba ninkin ba ninkin ranar da aka sayar da shi ko aka shigar da shi kasuwar hannun jari.

Da yake akasarin sabbin kamfanoni ba sa kai labari, masu jarin kan rarraba kuɗinsu a kamfanoni da dama, da fatan ɗaya ko biyu su rufe asarar sauran.

Fitaccen misali a Najeriya shi ne Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015. Ya samu jari daga Y Combinator ta Amurka a 2016, sannan a 2020 kamfanin Stripe ya saye shi kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200.

Sai dai wanda ya kafa kamfani yana biyan nasa farashin. Duk lokacin da ya karɓi sabon jari, kasonsa na raguwa, masu jarin kuma kan samu kujeru a hukumar gudanarwa, inda wani lokaci suke da ikon sauke shi daga shugabancin kamfanin da ya gina.