Karnukan Kaka da Shurin Ƙasa

Kakana mafarauci ne, kuma a hannunsa na fara koyon kallon kare. Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya busar da ciyawa, sai gangar farauta ta tashi tun da asuba. Maza su fito da gora da kere da kwari da baka, karnuka na gaba, Sarkin Dawa na tsara inda kowace ƙungiya za ta bi. Zomo da gafiya da gada ake nema, kuma rabin aikin na karnuka ne.

Akwai wani baƙin karensa da ba ya wuce bakin gonar ƙarshe sai ya ɗaga ƙafa a gindin wata sabara, sannan ya shure ƙasa da ƙafafun baya har ƙura ta tashi. Na ce, "Kaka, binne ƙazantarsa yake yi kamar kyanwa?" Ya ja ni ya nuna mini wurin: ƙasar ta watsu can nesa, fitsarin na nan a fili. "Yaro, mai ɓoye abu ba ya tayar da ƙura. Shaida yake bari." Da irin wannan karce yake gane ko karnukan wani ƙauye sun riga mu shiga dajin, ko dila ya kwana kusa. In karcen sabo ne, ƙasar da ɗan danshi, sai ya karkata da mu wata hanya, domin rikicin mafarauta kan nama sau da yawa daga faɗan karnuka yake farawa.

Masanan ƙasashen Yamma sun daɗe kafin su zo nan. A 1872 Charles Darwin ya rubuta cewa ɗabi'ar ragowar tsohon hali ce na binne kashi, wadda ba ta da sauran amfani. Sai a 1975 Roger Peters da David Mech, masu bin sawun kyarketai a dusar ƙanƙara ta Minnesota a Amurka, suka lissafa ta cikin alamomin da garke ke shata yankinsa da su. A 1979 Marc Bekoff ya lura cewa karnuka sun fi yin ta idan wani kare na kallo. Ga kuma ƙwayoyin gumi a tafin ƙafar kare, masu barin wari a duk inda ya karce. Ido ya gani, hanci ya shaƙa.

Dajin da muke shiga ya zama gonaki, abin da ya rage kuma tsoron 'yan bindiga ya hana mutane kusantarsa. Ina jin zafin wannan ƙwarai. Jiya na ga wani kare yana shurin daɓen siminti a bakin tasha, ba ƙasa ba ƙura, yaran wurin kuwa suna cewa ƙaiƙayi ke damunsa.